Wandon Bawa a Rumbun Inna Kulu

Duk wanda ya zauna Bodinga a zamanin mulkin farar hula na biyu ya san Bawa, in bai san shi da suna ba ya san shi da tumbi. Tumbin kan riga shi shiga zaure, sai an gama yi masa maraba sannan Bawa ya iso. Ba gadonsa ya yi ba kuwa, don mahaifinsa har ya koma ga Allah ana hango haƙarƙarinsa ta cikin riga. Siyasa ce ta ba shi. Shi ya samu kwangilar dafa abincin taron wata jam'iyya, kuma mutum ne mai riƙon amana a aikinsa: tukunya ba ta fita sai ya ɗanɗana, kada a ce ya ba jama'a abin da shi bai ci ba.

Sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, taro ya ɗauke, sabulu da madara sai an bi layi, damina kuma ta yi gardama. Kowa a Bodinga ya zabge, har karnukan mahauta. Bawa ya sayar da motarsa ya koma keke, amma tumbin nan ko gezau, don akwai sauran buhunan shinkafar kwangila a ɗakin ajiyarsa yana yi musu ɗauki ɗaiɗai.

Da jiri ya fara kayar da shi a sahun salla, matarsa Shatu ta tisa shi gaba sai asibiti a Sakkwato. Likita ya auna jininsa, ya dube shi, ya sake aunawa. Ya ce a rage tuwo, a rage mai, a riƙa tafiya da ƙafa kullum, kuma a yi haƙuri, don abin da aka tara a shekaru ba ya zubewa a wata guda.

Wannan magana ta haƙuri ita ta ɓata wa Bawa rai. Yana sauka mota ya wuce shagon Sodangi tela, inda majalisarsu take zama.

"Wai in yi haƙuri," in ji shi, yana zama benci na kuka. "Ni Bawa! Wanga aiki na wata guda na."

Sodangi bai ko tsayar da kekensa ba. "Bara da niz zo auna ka, tef ɗina bai zagaye ka ba sai da niƙ ƙulla mishi ƙyalle. Da mi za ka rage shi? Ko wurin mahauta za ka kai shi?"

"Ku matsalarku ba ku tunani. Ku gaya min, ina na namiji bai iya cin abinci ko yunwa za ta kashe shi?"

Wani ya ce gidan yari. Wani ya ce bakin kabari.

"Gaban surukuwa!" Bawa ya buga cinya. "Tun da nike da Shatu ban taɓa kurɓar ko ruwa gaban Inna Kulu ba. Shagari za ni, in tare gidanta wata guda. Kunya ta yi min aikin da likita yak kasa. Ba allura, ba ƙwaya, ba yawon rana."

Majalisa ta yi tsit, don gaskiya ko mahassadi ya ji maganar ya san an yi tunani. Wannan shirun shi ya ƙara hura wa Bawa kai. A bayan gidan Inna Kulu akwai wani babban rumbun ƙasa, irin wanda Sakkwatawa ke kira ruhewa, mai ƙaramin baki a can ƙololuwa, wanda marigayi mijinta ya gina da hannunsa.

"Sadda nike neman Shatu, ni ka shiga ruhewar nan in hiddo musu damman gero," in ji Bawa. "In wata ya cika, ku taho ranar kasuwar Shagari. Ta bakin nan za ni sulale gaban idonku."

Yanzu kam Sodangi ya tsayar da keke. "In ka shiga, ni kau in haɗiye tef ɗin ga."

A gida Shatu ta saurari tsarin har ƙarshe, hannu a haɓa.

"Maigida, ka san shekarar ga. Daga Inna sai ƙanwata Mairo gidan nan, ba namiji. Geron da ke cikin ruhewa shi za su ja har kaka, kuma da ƙyar in ya kai. Baƙo irinka kau..."

"Ke, ba ki gane tsarin ba. Ni da ba ci za ni yi ba?"

"To ɗauki buhu guda na shinkafa ka kai musu."

"In kai shinkafa gidan da za ni don gudun shinkafa? Haba Shatu, ki riƙa tunani."

Abin da Bawa ya manta shi ne, kunyar nan ba shi kaɗai ya san ta ba. Inna Kulu tsohuwa ce mai mutunci, ta kuma san surukin kirki ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa. Don haka ta gaishe shi daga bayan zana, gaisuwa mai tsawo da ta haɗa har da kekensa, ta sa aka share masa ɗakin da ke jikin zaure, ta kuma ɗaura niyyar ba zai sa ta a ido ba har ya tafi. Ya ce musu hutu ya zo. Ba ta tambayi hutun me ba.

Azahar na yi sai ga Mairo, ƙanwar Shatu, bazawara siririya mai baki kamar reza, ɗauke da akushin tuwon gero da miyar kuka tana ƙamshin daddawa.

"Ga shi, mijin yaya. Inna tac ce ka saki jikinka, ta tahi maƙwabta, ba mai ganinka." Ta ja masa ƙofa.

Bawa ya dubi akushi, akushi ya dube shi. Ya ce ai ranar farko ranar gajiya ce, ba a sa ta a lissafi.

Washegari ya ga in bai tashi tsaye ba tsari zai lalace. Da akushi ya iso sai ya sungume shi ya yi sallama cikin gida, da nufin ya zauna inda Inna za ta gan shi, kunya ta riƙe masa hannu. Tsohuwa na tankaɗe, ta ɗaga kai ta hango suruki da akushi. Ta yar da rariya ta yi bayan ɗaki. Bawa ya bi ta bayan ɗaki. Ta zagaya turken awaki, ya zagaya. Ta faɗa banɗaki ta ja tabarma, ta yi zamanta a can har tuwo ya huce. Bawa ya gaji da tsayuwa, ya ajiye akushin a bakin murhu ya koma ɗakinsa yana murna, yau dai bai ci ba.

La'asar sai ga Mairo da wani kwano, fuska a ɗaure.

"Inna tac ce tunda ka maido akushi har murhu, miyarmu ta talakawa ba ta yi maka ba. Ga kazarta mai ƙwai, an yanka."

"Subhanallahi! Ba haka ni ka nuhi ba!"

"To maida wanga ma, akwai akuya."

Ina halin ya mayar? Don ya wanke kansa daga zargin raini, ya cinye kaza har ƙashi, ya suɗe kwanon tas. Inna ta ga kwano ya dawo kamar an wanke, ta girgiza kai ta ce ashe yaron nan da yunwa muke barinsa. Aka sauko da babban akushin marigayi, wanda ba a taɓa shi sai ranar suna.

Haka Bawa ya shiga tsaka mai wuya. In ya rage, ya raina. In ya cinye, bai ƙoshi ba. Da ya aika Mairo ta ce don Allah a rage masa, amsa ta dawo cewa ɗan mutane kunya ce ke damunsa, a ƙara masa fura tsakanin azahar da la'asar. Maƙwabta da suka fara aiko da kwano don girmama surukin Inna ɗan kwangila, da suka ga yadda kwanukan ke dawowa, suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa gogan naka bai ga wata matsala ba. Ya lura Inna kusan kullum tana azumi, ya ce kai, tsohuwar nan akwai ibada. Ya lura Mairo, da take ɗan zura jiki a bakin rumbu ta jawo dami, yanzu sai ta sauka da igiya ta daɗe a ciki, ya ce 'yan matan zamani akwai son jiki. Ranar da tazugen wandonsa ya tsinke, Mairo ta zura masa wani mai tsawon igiyar guga. Ya ɗaura ya ga saura har yana reto, sai ya kira ta yana haki don murna.

"Dubi nan! Da can da ƙyar ni ka ƙulla shi. Kin ga ana ramewa ko?"

"Akwai dai masu ramewa gidan ga," in ji Mairo. "Mijin yaya, wai Yaya Shatu ba ta kewarka?"

Bawa ya ɗauki maganar yabo ce, har ya aika saƙo Bodinga cewa Sodangi ya fara jiƙa tef ɗinsa ya yi laushi.

Ranar kasuwa sai ga a-kori-kura ta sauke majalisar Bodinga kaf. Labari ya bi rumfa-rumfa, mutanen Lambara da na Dingyadi da suka zo cin kasuwa suka biyo sahu, aka cika bayan gidan Inna, inda rumbun yake a gindin wata bishiyar gawo. Mutanen gida sai a lokacin suka ji abin da aka zo kallo. Mairo ta fito a guje ta rungume tsani.

"Wallahi ba ka hawa!"

"Kauce, yarinya."

"Inna tac ce don girman Allah ka bari!"

"Kun ji ko?" Bawa ya juyo ga jama'a. "Tausayina ta ka ji. Gaya mata ta kwantar da hankalinta, Bawan da tas sani na."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Mode, dattijon da ke maƙwabtaka da gidan. Ya ɗage Mairo gefe, ya hau, tsani na salati. Ya ture hular ciyawar da ke rufe da bakin, ya zura ƙafafu, cinyoyi suka wuce da ƙyar, sannan tumbi ya zo ya zauna daram a kan baki. Sodangi ya zaro tef daga wuyansa yana kaɗa shi a iska. Wannan ne Bawa ya kasa jurewa. Ya nemi man gyaɗa aka miƙo masa, ya shafe cikinsa, ya fitar da duk numfashin da Allah ya ba shi, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, sai ji aka yi sulub!

Ya zaci zai dira a kan damman gero nan kusa, kamar yadda ya saba a zamanin samartaka. Bai taka komai ba. Ya tafi, ya tafi, sai tim a ƙasa, ƙura ta fito ta bakin rumbu.

Da idonsa ya washe, hasken da ke saukowa daga sama ya nuna masa inda yake zaune. Daɓe ne, a share. Can a lungu ga 'yan damman da suka rage, waɗanda shi kaɗai zai iya tashi da su kafin sati ya zagayo, ga shi kuwa ko shuka ba a yi ba. Nan take azumin Inna ya dawo masa, da igiyar Mairo, da kaza mai ƙwai, da maganar Shatu. Wata guda yana neman kunya a gidan nan bai same ta ba, sai yau ita ta same shi.

"Wanga ƙara hwa?" muryar Mode ta shigo daga waje. "Awa wanda yaf faɗa rijiya! Bawa, ba gero ciki?"

Waje ya yi tsit. Bawa ya san abin da shirun ke jira. Inna Kulu tun rasuwar mijinta ba ta taɓa roƙon kowa ko mudu ba, da wannan take ɗaga kai a garin. In amsa ta fito yadda take, kafin kasuwa ta watse an ji a garuruwa uku cewa rumbunta wayam, kuma suruki ne ya cinye.

Sai baiwar cika baki da Allah ya yi masa tun yana yaro ta motsa.

"Gero? Gero har wuyana! Tsakanin damma nif faɗa, sunka nutse da ni! Wanga ruhewa ko shekara biyu anka yi ba ruwa, gidan ga ba su jin komi!"

"Rantse," in ji Sodangi.

"Ba a rantsuwa cikin abinci!"

"To bari in hau in gani da idona. Ba ni haɗiye tef a kan labari."

Bawa ya ji tsani ya motsa, ya ƙwala ihu. "Numfashina! Ku hidda ni tukuna! Igiya, jama'a, igiya!"

Aka rataya igiyar rijiya a reshen gawo aka zura masa, ya ɗaura a hammata. Majiya ƙarfi suka kama, Mode na ba da baki, har kan Bawa ya ɓullo, kafaɗu suka biyo, ƙirji ya fito. Daga nan aiki ya tsaya. Man gyaɗa ya sha ƙura ya zama laka, tumbi ya toshe bakin rumbu ruf. Sodangi ya hau ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ko allurarsa ba za ta samu hanya ba.

"Wa yac ce rumbun Inna ba shi da murhi?" in ji shi. "Ga shi an samu na dindindin."

Dariya ta ɓarke. Wani mutumin Lambara ya tambaya ko sabuwar dabarar gwamnati ce ta tsare hatsi daga ɓera. Mai rake ya matso da bairo ya fara ciniki. Rana ta take, gumi na zuba, Bawa na kumbura.

"Sai dai a fasa," in ji Mode. "A kawo gatari a buɗe mishi gehe guda."

"Wanda yat taɓa ruhewar ga, ni da shi har gaban alƙali!" in ji Bawa.

"Jininka na hawa, bawan Allah!"

"Shi hau! Ina jin daɗin iskan nan bisa. Cikin tsarin maganin na!"

Ana cikin haka sai mutane suka dare. Inna Kulu ce da kanta, lulluɓe, kai a sunkuye, ɗauke da tukunyar miyar karkashi mai yauƙi wadda aka kaɗa don tuwon ranar suruki. Ba ta dubi sama ba. Ta miƙa wa Mairo ta ce, "Zuba ma yayanki." Mairo ta hau tsani tana tsiyaya miyar a kewayen tumbin tana turawa da ludayi. Da bakinta ya zo kusa da kunnensa ta yi ƙasa da murya.

"Ka gani ko?"

"Duhu na ciki, ban ga komi ba," in ji Bawa. "Da na hita ki aza hular nan, kak ki jira."

Mairo ta dube shi, ta jawo hular kusa da ita.

Aka sake kama igiya. Ja ɗaya, ja biyu, sai fut! Bawa ya tashi sama yana lilo a reshen gawo, miya na ɗiga. Shi dai ya fito, amma wando bai biyo shi ba, dogon tazugen nan da ya yi ta alfahari da shi ya ci amanarsa. Ga shi nan a sararin Allah daga shi sai 'yar shara, a gaban mutanen gari uku da uwar matarsa. Wasu suka faɗi ƙasa don dariya, mai rake ya kifar da bairo. Kafin kowa ya dawo hayyacinsa Mairo ta kifa hular rumbu ta zauna a kai. Inna kuwa ta juya baya, ta cire mayafinta ta jefa ta kan kafaɗa.

"Wandon nan ni niɗ ɗinka shi, yadi ya shiga ciki ba kaɗan ba," in ji Sodangi yana share hawaye. "Bari a sa wani shi ɗauko."

"Na bar ma ruhewa sadaka," in ji Bawa, yana ɗaura mayafin surukuwa a ƙugu. "Ba a maido sadaka."

"Tef ɗina dai ya tsira. Sulalewa munka yi da kai, ba mai da miya ba."

A haka aka loda shi a bayan a-kori-kura, shi da kekensa. Kafin su kai Bodinga an raɗa masa suna Bawa Murfi, sunan da ya bi shi har tsufa. Shatu ta gan shi da mayafin uwarta yana warin karkashi, ta buɗe baki, sai ya riga ta.

"Buɗe min ɗakin ajiya."

Da gari ya waye aka ga Bawa a kan hanyar Shagari da rabin buhu a bayan keke. Tayar ba ta iya ɗaukar su biyu, don haka buhu ya hau, shi ya tura. Ya isa da rana tsaka ƙafa a kumbure, ya sauke a zaure ya yi sallama, kafin a amsa ya haye keke. Mairo ta biyo shi da ƙwaryar fura har bakin titi tana kira, shi kuwa yana taka feda kamar wanda kura ta biyo. Bayan 'yan kwanaki ya sake, ya kuma sakewa. A gida ya ce Shatu ta raba tuwonsa biyu, don shinkafar da ta rage yanzu ta gida biyu ce, in ya sayar da wani buhu kuma ya auno wa Inna gero.

Majalisa ta tambaye shi wannan wahala fa? Ya ce mataki na biyu ne na tsarinsa, wanda likitocin Sakkwato ba su kai ga ganowa ba tukuna. Suka yi ta dariya duk damina, har suka gaji suka daina. Ba wanda ya lura da ranar da benci ya bar kuka.

Da kaka ta yi, gero ya shigo, rannan ana zaune a shagon Sodangi sai ga direban a-kori-kura da ƙunshi, ya ce daga Shagari, a ba Bawa. Aka kwance. Wandon ne, an wanke shi an buge, sai ƙamshin turaren wuta yake. Majalisa ta tashi da ihu, a sa, a sa, a ga mutum nawa zai ɗauka yanzu. Bawa ya shiga bayan labule ya fito.

Wando ya zauna masa cif, kamar a jikinsa aka yanka.

Sodangi ya durƙusa ya juya bakin ƙugun. An farke shi an rage, da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana, irin na tsofaffin da ke zura allura da lalube.

"Wanga ba aikina ba na. Wa yaɗ ɗauki awonka?"

Bawa ya shafa ɗinkin. Ya tuna tsohuwar da tun aurensa ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ashe duk zuwan da yake yi tana bayan zana tana kallon yadda yake zabgewa a kan hanyar gidanta. Ya buɗe baki zai cika shi kamar kullum, bakin ya ƙi cikuwa. Sai da ya juya ya fyace hanci, sannan ya miƙa hannu ya zare tef daga wuyan Sodangi.

"To, Malam tela," in ji shi. "Da ruwa za ka haɗiye shi, ko a kaɗo maka karkashi?"